Waiwaye: Helsingor, garin da ya shekara ɗari huɗu yana karɓar kuɗin fito daga jiragen duniya

Garin Helsingor yana arewa maso gabashin tsibirin Sjaelland na ƙasar Denmark, kimanin kilomita 45 arewa da Kopenhagen, babban birnin ƙasar. A daidai nan mashigin ruwan Oresund ya fi tsukewa, har tazarar da ke tsakaninsa da Helsingborg ta Sweden ba ta wuce kilomita 4 ba. Mazaunansa ba su kai dubu 50 ba. Amma duk abin da garin ya samu ko ya rasa a tarihi, wannan tsukewar ruwan ce sanadi.

Sarki Erik na Pomeraniya ne ya fara gane abin da ke hannunsa. A zamaninsa gaɓar ruwan duka biyu ta Denmark ce, kuma jiragen da ke shiga ko fita Tekun Baltik galibinsu ta nan suke bi. Ya gina ganuwa mai suna Krogen a bakin ruwa, ya ba garin 'yancin kasuwanci a 1426, sannan a 1429 ya ɗora haraji a kan duk jirgin waje da zai wuce. Da farko kuɗin zinariya guda ake karɓa a kan kowane jirgi, ko me ya ɗauko. Tsarin bai yi nisa da kuɗin fito da fatake ke biya a mashigin kogi ba, sai dai wannan mai karɓar yana da igwa.

A 1567 aka sauya lissafi, aka koma karɓa gwargwadon darajar kaya, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Anan dabarar take. Kyaftin ɗin jirgi ne da kansa zai faɗi kuɗin kayansa, amma sarki yana da ikon saye kayan nan take a kan farashin da aka faɗa. Wanda ya karya farashi don ya rage haraji, yana iya wayar gari an saye hatsinsa ko katakonsa a banza. Wanda ya faɗi gaskiya kuwa ya biya cikakke. Jirgi kan sauke filafilansa na sama idan ya zo daidai ganuwar don girmamawa, ya jefa anga, kyaftin ya shiga kwalekwale zuwa ofishin kwastan da takardunsa. Mai taurin kai a harba masa gargaɗi, kuma a sa kuɗin albarushin cikin abin da zai biya.

Wannan tsayawar dole ita ta raya garin. Jirgin da ya tsaya yana bukatar ruwan sha, burodi, igiya, nama, da wakilin da zai shige masa gaba wajen kwastan. 'Yan Holan, Jamusawa, 'yan Scotland da Ingilawa suka zauna suka buɗe gidajen dillanci, ƙasashe suka naɗa ƙananan jakadu. Har yanzu gidajen attajiran wancan lokacin suna tsaye a titunan Stengade da Strandgade. Magatakardan kwastan kuma sun bar abin da ba su yi niyya ba: littattafan harajin, waɗanda mafi tsufansu na 1497 ne, sun ƙunshi bayanin wucewar jirage kusan miliyan 1.8, kuma masana tarihin cinikin Turai da su suke aiki yau.

Da kuɗin nan Sarki Frederik na Biyu ya mayar da tsohuwar ganuwar fada mai rufin tagulla tsakanin 1574 da 1585, ya sa mata suna Kronborg. Gobara ta cinye ta a 1629, Christian na Huɗu ya sake ginawa, sojojin Sweden suka kama ta a 1658 suka kwashe kayan ƙawa. A shekarar ce Denmark ta rasa gaɓar gabas baki ɗaya, Helsingborg ta zama ƙasar waje. Duk da haka ba a daina karɓar haraji ba. Sunan fadar ya kai Landan tun da wuri, har Shakespeare ya sanya labarin wasansa na yarima Hamlet a cikinta da sunan Elsinore, kuma akan yi wasan a farfajiyar fadar lokacin zafi. A ganina wannan suna ya danne ainihin labarin garin. Yawancin baƙi suna zuwa neman yariman da bai taɓa rayuwa a nan ba, su wuce ba su tambayi inda kuɗin ginin ya fito ba. UNESCO ta sa fadar cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Ƙorafi kan harajin ya daɗe, amma Amurka ce ta tsaya kai da fata a tsakiyar ƙarni na 19 cewa ba za ta ci gaba da biyan kuɗin wucewa ta ruwan da take gani na kowa ba. A 1857 aka sa hannu kan yarjejeniyar Kopenhagen, aka soke harajin, ƙasashen da ke amfani da mashigin suka biya Denmark diyya ta sama da rigsdaler miliyan 30 (kuɗin Denmark na wancan lokacin), Birtaniya da Rasha ne suka ɗauki kaso mafi girma. Gwamnati ta samu kuɗi, garin ya shiga uku. Jirage suka ci gaba da wucewa ba tare da tsayawa ba, dillalai suka watse.

Abin da ya ceci garin shi ne masana'antar ƙera jiragen ruwa da aka kafa a 1882. A ganiyarta, cikin shekarun 1950, ta ɗauki ma'aikata sama da 3,000, kuma ta jawo 'yan ci-rani daga Turkiyya da tsohuwar Yugoslaviya daga baya. Ita ma ta rufe a 1983. Gine-ginenta suka koma cibiyar al'adu mai ɗakin karatu da zauren wasanni a 2010, sannan a 2013 aka buɗe gidan tarihin sufurin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kewaye da ramin da ake gyaran jirage a ciki. An binne shi ne don kada ya tare wa fadar fuska.

Ta fannin sufuri, layin dogo ya iso a 1864 ta Hillerod, na bakin teku daga Kopenhagen kuma a 1897, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba yanzu. Jirgin fito mai ɗaukar taragu ya fara tsallakawa Helsingborg a 1892. Ta wannan ɗan ruwan ne kuma, cikin Oktoban 1943, masunta da 'yan gwagwarmaya suka riƙa tsallakar da Yahudawan Denmark zuwa Sweden da dare don kuɓuta daga 'yan Nazi.

Da aka buɗe gadar Oresund tsakanin Kopenhagen da Malmo ta Sweden a 2000, an zaci fiton ya mutu. Jiragen ƙasa sun koma gada, amma motoci da fasinjoji ba su bar fiton ba. Tsallakawar minti 20 ce, jirage suna tashi kusan kowane kwata a lokacin cunkoso, kuma tun 2018 biyu daga cikinsu, Tycho Brahe da Aurora, da batir suke tafiya, ana yi musu caji a 'yan mintunan da suke lodi. Wani ɓangaren fasinjojin 'yan Sweden ne da ke zuwa sayen giya saboda ta fi araha a Denmark. Wasu ma ba sa sauka, cin abinci kawai suke a jirgin yana kai da kawowa. An daɗe ana maganar haƙa rami a ƙarƙashin ruwan, ba a fara ba.

Yarjejeniyar 1857 kuwa tana nan da ƙarfinta. Tun bayan mamayar Ukraine a 2022, tsofaffin tankokin da ke jigilar man Rasha suna bi ta mashigan ruwan Denmark, kuma alkawarin barin jirage su wuce ba tare da tsangwama ba yana cikin abubuwan da suka ɗaure wa hukumomin Kopenhagen hannu wajen tare su.