Runguma

Runguma ita ce mutum ya kewaye wani da hannuwansa ya janyo shi jikinsa, don nuna ƙauna, ko murna, ko lallashi, ko ban kwana. Al'ummu sun bambanta a kan wa ya dace ya rungumi wa, da kuma a gaban wa, amma babu inda uwa ba ta rungume ɗanta. A kan jarirai ne ma kimiyya ta fi samun hujja mai ƙarfi game da amfaninta.

Abin da ke faruwa a jiki

A fatar mutum, musamman inda gashi ke tsirowa kamar baya da damtse, akwai wasu siraran jijiyoyi na musamman. Shafa mai laushi ce ta fi motsa su, wadda ke tafiya a hankali, tsakanin santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya. Kusan haka hannun uwa ke tafiya a bayan yaron da ke kuka, ba tare da kowa ya koya mata ba. Saƙon da jijiyoyin ke aikawa yana isa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yanayin rai.

Sinadarin da aka fi ambata a nan shi ne oksitosin, wanda ƙwaƙwalwa ke haɗawa. A 1906 Henry Dale na Ingila ya gano tasirinsa a kan mahaifa, a 1953 kuma Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a ɗakin gwaji a Amurka. Aikinsa da ba a jayayya a kai shi ne tayar da naƙuda da saukar da nono. Jaridu sun laƙaba masa suna "sinadarin soyayya", sunan da ya yi masa yawa, domin auna shi a jini yana da wuya, sakamakon gwaje-gwaje a kan manya kuma bai zo iri ɗaya ba. Abin da ya fi sauƙin aunawa shi ne bugun zuciya da hawan jini. A 2003 masu bincike a Jami'ar North Carolina suka sa wasu ma'aurata riƙe hannun juna na minti 10, sannan su rungumi juna na daƙiƙa 20, kafin a sa su ba da labarin wani abin da ya ɓata musu rai. Jininsu bai hau kamar na waɗanda suka zauna su kaɗai ba.

Jarirai

A shekarun 1950 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya raba 'ya'yan birai da iyayensu, ya ba su uwar bogi iri biyu: ɗaya ta waya zalla ɗauke da bulumboti, ɗaya an naɗe ta da ƙyalle mai laushi amma babu madara. Ɗan biri sai ya je ya sha madararsa a gurguje, ya dawo ya ƙanƙame mai ƙyallen, a nan zai wuni. In aka tsorata shi ma can yake rugawa. Gwajin akwai rashin imani a cikinsa, yau da wuya a amince a yi irinsa, amma ya rusa ra'ayin da ke cewa abinci kaɗai ke ɗaure ɗa da uwarsa.

A 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota, babban birnin Kolombiya, kwalaben bakwaini sun yi ƙaranci har ana sa jarirai fiye da ɗaya a kwalba guda. Likita Edgar Rey Sanabria sai ya koma ɗora jaririn a ƙirjin mahaifiyarsa, fata da fata, daga shi sai ƙunzugu da hula, a ɗaure su tare. Ɗumin jikinta ya zama kwalbarsa, nono kuma yana kusa. Wannan ne ake kira renon kangaru, daga sunan dabbar nan mai goya ɗanta a jakar da ke cikinta. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, ya nuna cewa fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da hakan shawararta.

Manya

Sheldon Cohen na Jami'ar Carnegie Mellon ya bi mutum 404 masu ƙoshin lafiya da waya dare 14 a jere, yana tambayar ko sun yi saɓani da wani a ranar, ko an rungume su. Daga nan aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci, aka killace su. Waɗanda aka fi runguma, murar ta zo musu da sauƙi. Sai dai a lura: wanda ake yawan runguma galibi yana da mutane a kewaye da shi, don haka raba amfanin rungumar da na zaman tare ba abu ne mai sauƙi ba. A 2024 wani nazari da ya tattara bincike sama da 200 ya samu cewa taɓawar da mutum ya yarda da ita tana rage ciwo da fargaba da ƙuncin rai, kuma yawan yin ta ya fi tsawonta tasiri.

Yardar nan sharaɗi ce. Rungumar da ba a so tana sa jiki ya sandare, numfashi ya ɗauke. Masu lalurar galahanga (autism) da waɗanda aka taɓa cin zarafinsu na daga cikin waɗanda taɓawar ba-zata ke iya tayar wa hankali.

Ranar Runguma

Kevin Zaborney ne ya ƙirƙiro Ranar Runguma a jihar Michigan ta Amurka a 1986, ya sa ta ranar 21 ga Janairu, tsakanin bukukuwan ƙarshen shekara da ranar masoya ta 14 ga Fabrairu, lokacin da a ganinsa mutane ke yawan shiga kaɗaici. Ba hutun gwamnati ba ce, amma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Masu tallata ta kan ja kunne cewa a nemi izinin mutum kafin a miƙa masa hannuwa.