Ɗan wasa a wurin sitaj na kwaikwayon kwamfuta: ku karanta kafin ku kira ni

Da zarar lokacin neman sitaj (koyon aiki a ma'aikata) ya zo, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da na EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, sai su cika mini waya da tambayoyi iri ɗaya, musamman 'yan gudu, 'yan ƙwallo da 'yan taekwondo. Na gaji da maimaitawa. Ga amsoshin.

Wai mene ne aikin naku?

Muna gina samfurin abu a kwamfuta ya yi tafiya kamar na gaskiya, mu gwada masa canji kafin a kashe kuɗi. Layin mutane a banki, cunkoson motoci a bakin gadar Kennedy, hawan ruwan kogi. Wanda ya ba mu aikin ya tambaya: in na ƙara gishe ɗaya, jira zai ragu da minti nawa? Mu ba shi amsa da hujja.

Ni ɗan wasa ne, hakan zai sa a ɗauke ni?

A'a. Ka iya ƙididdiga, ka iya Excel, ka taɓa Python, harshen rubuta manhaja. Lambar yabo ba ta cike gurbin waɗannan.

To me wasan ya ƙara mini?

Abin da abokan karatunka da yawa ba su da shi. Makon farko ba kwamfuta za a ba ka ba. Agogo da littafi za a ba ka, a tsayar da kai a ƙofar wani asibiti tun ƙarfe 7, kana rubuta lokacin da mutum ya iso, lokacin da aka kira shi, lokacin da ya fita. Har azahar. Gobe ma haka. Wanda bai saba ba, kafin hantsi ya fara cike layuka da ka. Wata 'yar gudu da ta yi sitaj a wajenmu, a gefen littafinta sai ka ga ta rubuta: "gishe ya tsaya minti 6, ma'aikaci ya fita ɗauko canji." Ba wanda ya ce ta yi. Ta saba riƙe wa 'yan'uwanta agogo a filin Seyni Kountché, ta san daƙiƙa ba abin wasa ba ce.

Sannan ɗan wasa ya san gudu ɗaya ba ya nuna ƙarfin mutum. Samfurinmu ma haka yake: akwai lambobin da ke fitowa kamar na ƙuri'a a cikinsa, kowane juyi da sakamakonsa. Sai an juya shi sau da yawa a duba matsakaici da tazarar da ke tsakani. Wannan ba na shan wahalar fahimtar da ku.

In rubuta wasa a CV?

Rubuta. Layi biyu, a ƙasa.

Akwai halin filin wasa da zan bari a gida?

Akwai, kuma a nan nake faɗa da ku. An koya muku cije haƙora. Gwiwa na ciwo, ka ɓoye wa koci don kada a ajiye ka a benci. Sai ku zo da wannan buro: lambobinka ba su yi daidai da na gaskiya ba, ka yi shiru kwana da kwanaki kana fama kai kaɗai, sai ana gobe miƙa rahoto ka buɗe baki. Haba ƙanena! Dubi kogi a nan Yamai. Sau biyu yake cika a shekara: jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke zubowa, da ruwan Gini da ke isowa cikin sanyi. Wanda ya daidaita samfurinsa da ɗaya kaɗai zai ba da amsar da ta yi kyau a takarda, alhali mutanen Lamorde da Saga sun ga abin da ruwan damina ya yi a 2020. In abu bai daidaita ba, ranar nan za ka faɗa. Ba a korar ɗan sitaj don ya ce ban gane ba.

Gasa ta faɗo a tsakiyar sitaj ɗina. In tafi ko in zauna?

Wannan ba ni da amsa ɗaya. Ya danganta da wace gasa ce, da kuma inda aikin ya kai. In lokacin tattara bayanai ne, da wuya a sake ka, domin mai aiki ya riga ya ba da ranaku, kuma layin ranar Litinin ba ya jiran kowa. Banki a ƙarshen wata, lokacin albashi, daban yake da tsakiyar wata. In ka rasa wannan makon sai wani watan. In kuwa an kai ga juya samfuri da rubuta rahoto, mai yiwuwa a yi maka sassauci, musamman in kana da kwamfutarka kuma ka bar fayilolinka a tsare yadda wani zai iya ci gaba. Na ce mai yiwuwa. Wani shugaba yana son wasa, wani yana ganin ɓata lokaci ne, kuma ba zan yi maka alkawari a madadinsa ba.

Wasan unguwa, ka haƙura. Gasar ƙasa ko kiran ƙungiyar ƙasa, ni ba zan ce ka bari ba, don shekarun ƙarfin jiki ƙidayayyu ne, sitaj kuwa ana iya tsawaita shi, ko da yake ba kowace makaranta ke yarda a ɗaga ranar kare rahoto ba, sai ka tambayi malaminka tukuna. Abin da na tabbata shi ne: ka faɗi ranakun tun ranar da aka ɗauke ka, da takardar ƙungiyarka a hannu. Kuma ka ƙidaya har da kwanakin hanya da na gajiya. Wanda ya tafi Tawa ko Damagaram a mota ya dawo, washegari jikinsa ne kawai a kujera. Atisayen kullum kuwa, ka mayar da shi bayan asuba. Lokacin zafi wuta na iya ɗaukewa da rana, aikin ya koma yamma, ka ga atisayen la'asar ya tafi.

An dawo mini da rahotona duk jan biro. Ko dai ban dace da aikin ba?

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Kowa haka ya fara. Alfaga, ɗan taekwondon Nijar, ya sha kaye a wasan ƙarshe a Rio a 2016, ya dawo da azurfa, lambar Olamfik ta farko ga Nijar tun tagullar ɗan dambe Issaka Daboré ta 1972. A 2017, a Muju ta Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya. Kin san yadda ake zama da koci bayan wasa a duba inda aka yi sake. Ki ɗauki rahoton ki je wurin wanda ya gyara, shafi bayan shafi.

Wace manhaja zan koya?

HEC-RAS don ruwa, SimPy don layuka. Duka kyauta ne. AnyLogic ma na da sigar koyo. Ɗauki ɗaya ka gama da ita.

Ana biya?

Wasu na ba da kuɗin taksi, wasu ba komai. Ka tambaya kafin ka sa hannu, a rubuta a takarda.