Kotun gwaji: ku karanta wannan kafin ku sake tambayata

Kowace shekara, da an fara maganar gasar kotun gwaji a tsangayar shari'a ta jami'ar KNUST da ke Kumasi, Ghana, tambayoyin nan ne dai ke zuwa daga ƙannenmu na Aboabo da Asawase. Ga amsa a wuri guda.

Wai mece ce kotun gwaji?

Shari'ar ƙirƙira ce. Ana ba ku labarin rikici a rubuce, ku rubuta hujjojinku, sannan ku tsaya gaban alƙalai ku kare su da baki.

Zan yi wa shaidu tambayoyi?

A'a. Babu shaida ko ɗaya. An riga an yanke abin da ya faru, gardama a kan doka ce kawai. Kada ka ƙara wa labarin abin da babu a cikinsa.

Ɗan shekarar farko zai iya shiga?

Duba ƙa'idar gasar. In an hana ka, nemi aikin kula da lokaci, ka zauna ka saurara.

Turancina ba ya gudu. In haƙura?

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Mai zuba Turanci kamar rediyo shi ne ya fi saurin rikicewa idan aka katse shi. Yi magana a hankali, jimla gajera, ki ambaci sashen doka daidai. Ki ce "My Lord" a gasar da ke kwaikwayon kotunan Ghana, "Your Excellency" a gasar Jessup ta dokar ƙasa da ƙasa, domin ita Kotun Duniya ta Hague take kwaikwayo.

Zan iya haddace jawabina?

Za ka iya, kuma za ka faɗi. Tambayar farko za ta wargaza haddar. Takarda ɗaya ta isa: batutuwanka biyu ko uku, hukuncin da ke goyon bayan kowanne, da abin da kake roƙon kotu ta yi.

Alƙali ya kawo hukuncin da ya saɓa wa hujjata. Yaya zan yi?

To, wannan ce tambaya. Amsarta ta danganta da abubuwa da yawa.

Da farko ka san a wace kotu aka ce kana tsaye, abin da yawancinku ba sa dubawa. Sashe na 129(3) na kundin tsarin mulkin 1992 ya ɗaure dukkan sauran kotuna su bi hukuncin Kotun Ƙoli a kan batun doka, amma ya bar ita kanta ta kauce wa tsohon hukuncinta idan ta ga ya dace. Saboda haka in gasar ta zauna a matsayin Kotun Ɗaukaka Ƙara, cewa "Kotun Ƙoli ta yi kuskure" ba zai fisshe ka ba. In a Kotun Ƙoli kake, ƙofar a buɗe take, sai dai ka bar ta ta zama dabarar ƙarshe.

Kafin nan, gwada bambantawa. Abin da ya faru a waccan shari'ar daidai yake da naka? Maganar da aka jefo maka ita ce ginshiƙin hukuncin, ko alƙali ne ya faɗe ta a gefe? A ƙarƙashin wace doka aka yanke shi? Ɗauki shari'ar Baffour Akoto ta 1961, babban kakakin Asantehene (Sarkin Asante) da aka tsare da dokar tsarewa ta 1958. A kan kundin 1960 aka yanke ta, yau kuwa babi na 5 da sashe na 33 na kundin 1992 sun ba mutum damar kai ƙarar take haƙƙinsa Babbar Kotu. Hukuncin Ingila kuma ana iya jan hankalin kotu da shi, bai ɗaure ta ba.

In ba ka karanta hukuncin ba fa? Faɗi gaskiya a jimla ɗaya, ka koma kan wanda ka sani. Wani alƙalin zai rage maka maki, wani zai wuce, amma wanda ya kama ka kana kame-kame ba zai sake yarda da kai ba har ka zauna. Wani lokacin ma sallamawa ta fi, muddin batun ba shi ne ke riƙe da ƙarar taka ba, kuma abokin tafiyarka bai dogara da shi ba. Wannan kuwa tun a gida ake tantance shi: me za mu iya saki, me ba za mu saki ba. Agogo dai ba ya tsayawa don kana amsa tambaya.

Minti nawa ake bayarwa?

Kowace gasa da nata. A Jessup minti 45 ne ga kowane ɓangare, har da raddi. Ware na raddi tun farko, kuma kada ka shigo da sabuwar hujja a cikinsa.

Daga nan sai ina?

Jessup, wadda aka fara a 1960, ana ƙarƙare ta a Washington. Akwai kuma gasar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da Jami'ar Pretoria ke shiryawa tun 1992, wadda aka yi a nan Kumasi a 2023.

Mu ne masu shiryawa bana. Me ke lalata gasa?

Labarin da ya karkata gefe guda, har wanda ya samu wancan gefen ya ci tun kafin ya buɗe baki. Ku ba wani malami ya duba shi. Ku aika wa alƙalai taƙaitaccen bayanin batutuwan kwanaki kafin ranar, ku sa takardar maki iri ɗaya a kowane ɗaki, ku cire sunaye daga rubutattun hujjoji ku sa lamba. Kuma don Allah kada ku sa zagayen ƙarshe ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a.