Waiwaye: Yadda haske ya fara auna jini a ɗakin tiyata

Likitan da ke sa majiyyaci barci yana tsaye ne a wajen kan majiyyacin, kuma tambaya ɗaya ba ta barin zuciyarsa: jini nawa ya zuba, wanda ya rage zai kai shi? Shekara da shekaru da ido ake amsa ta. Ya leƙa kwalbar da ake zuƙe jini a cikinta, a ɗora audugar da ta jiƙe a sikeli, kowane giram 1 na ƙarin nauyi a lissafa shi mililita 1, ya janyo fatar idon majiyyaci ya ga ko ta yi fari. In hankalinsa bai kwanta ba, a ɗebi jini a ruga ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya dawo, labari ya riga ya canja.

Abin da ake nema shi ne himogulobin, sinadarin da ke dakon iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. A 1942 likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Adams da Lundy, suka ba da shawarar a yi ƙarin jini idan himogulobin ya gaza giram 10 a desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Aka riƙe wannan adadi tamkar doka har wajen shekara 50.

Shi kuwa haske ta wata hanya ya shigo. Tun a 1935 wani Bajamushe, Karl Matthes, ya gwada haska kunne don gane yawan oksijin. Amma sai a 1972 injiniya Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden a Japan ya lura da cewa bugun jini, wanda kowa ke ɗauka abin da ke ɓata awo, shi ne mabuɗin: abin da ke ƙaruwa yana raguwa da kowane bugu jinin jijiya ne, ba fata ko ƙashi ba. Daga nan aka samu 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa, mai haske iri 2. Sai dai kason himogulobin da ya ɗauki oksijin kawai take faɗa. Mutum na iya rasa rabin himogulobin ɗinsa, ita tana nuna kashi 99 cikin 100 hankalinta kwance.

Don cike wannan giɓi kamfanin Masimo na Amurka ya ƙara nau'o'in hasken suka kai 7 ko fiye, kuma a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da awon nasa na yawan himogulobin, mai suna SpHb. Kamfanin OrSense na Isra'ila ya bi wata dabara: zobe mai matse yatsa na ɗan lokaci, a auna, a saki. Babu allura, adadi na fitowa a allo ba yankewa.

To a nan gizo ke saƙa. Kafin sabuwar na'urar ta iso, dokar 10 ta riga ta rushe. Binciken da Paul Hébert ya jagoranta a Kanada, wanda ya fito a 1999 kan majiyyata 838 a sashen kulawa ta musamman, ya nuna jira har himogulobin ya sauka zuwa 7 kafin a yi ƙarin jini bai ƙara mace-mace ba. Shi kuma Masimo da kansa ya ce kuskuren awonsa wajen giram 1 ne, idan himogulobin yana tsakanin 8 da 17. A 13 wannan ba komai ba ne. A 7.5, shi ne bambancin rataya ledar jini da barin ta a firiji. Ga shi kuma lokacin da aka fi bukatarta, jini na kwarara, yatsu sun yi sanyi, an ba da maganin matse jijiyoyi don ɗaga matsin jini, a lokacin ne jinin yatsa ke ƙaranci, awon ya fara tangal-tangal. Wani abin ma ba laifinta ba ne: a farkon zubar jini himogulobin ba ya faɗuwa nan take, sai ƙarin ruwa ya tsinka abin da ya rage.

A ganina amfaninta na cikin layin da take zanawa, ba adadin ba. Idan aka fara da 12 layin ya riƙa gangarowa a hankali, likita ya san lokaci ya yi da zai zuƙi jini a sirinji ya tabbatar, tun kafin a aika a ɗauko leda.