Alawus, haraji da fansho: inda ake rage wa ma'aikaci ba tare da ya sani ba

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, maganar da ke yawo a WhatsApp ita ce wai gwamnati ta fara yankar haraji a alawus, abin da ba a yi a da. Wasu kuma suna ba abokansu shawarar su roƙi ofis a mayar musu da yawancin albashi ya zama alawus don su tsira. Duka maganganun biyu ba daidai ba ne, ta biyun ma cutarwa take yi.

Harajin alawus ba sabo ba ne. Tun gyaran dokar harajin kuɗin shiga na 2011 aka daina ware kuɗin gida da na mota da na abinci a ce ba a taɓa su. Duk abin da ya shigo maka saboda aikinka, ko wane suna aka raɗa masa, ana haɗa shi wuri ɗaya a lissafa. Abin da dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta canza shi ne ma'aunin. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, har a kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen da kowa ke samu, aka kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000. Kuɗin da ofis ya biya ka na abin da ka kashe a tafiyar aiki ba albashi ba ne, ba ya cikin wannan lissafin.

Wurin da sunan alawus ke da tasiri shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, a asusun ma'aikacin. Ta shafi ma'aikatan tarayya da kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. Sojoji ba sa ciki, jihohi kuma kowace da nata tsarin. To, kashi 18 ɗin na mene ne? Dokar ta ce na abin da takardar ɗaukar aiki ta kira albashin wata, amma kada ya gaza jimlar abu uku: gundarin albashi, kuɗin gida da kuɗin sufuri. Wannan "kada ya gaza" ɗin ne ƙofar. Duk abin da ya rage bayan ukun nan, kamfani yana iya tara shi a layi ɗaya ya kira shi alawus na musamman ko sauran alawus, fansho kuma ba ya hawa kansa.

A ɗauki mutum biyu, kowannensu Naira 300,000 a wata. Na farko ukun nasa sun kai 240,000, saura 60,000. Ana cire masa 19,200, kamfani ya ƙara 24,000, asusunsa ya samu 43,200. Na biyu an rubuta masa ukun 120,000, sauran 180,000 aka ce alawus ne. Ana cire masa 9,600, kamfani ya ƙara 12,000, asusunsa ya samu 21,600, rabin na ɗan'uwansa. Shi kam murna yake yi, don alat ɗinsa ya fi nauyi. Amma da yake ba a cire haraji a kuɗin fansho, wannan 9,600 da ya tsira da ita, wato bambancin abin da aka cire musu, ta koma cikin abin da ake yanka wa harajin kashi 18, sai abin da ya ƙaru a hannunsa ya tsaya wajen 7,900. Ya ƙara biyan haraji, ya rasa 12,000 na kamfani duk wata. Wanda ya ci riba shi ne kamfanin.

Shin hakan karya doka ne? A zahirin rubutun dokar, a'a, muddin an biya a kan abu ukun. Ni dai ina ganin dokar ta yi sakaci a nan, domin ba ta faɗi kason da ya kamata ukun su kai daga cikin albashi ba. Indiya ta sha wannan rigimar da asusun ajiyar ma'aikatanta, har kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a Fabrairun 2019 cewa alawus ɗin da ake biyan kowa da kowa a kai a kai ɓangare ne na gundarin albashi, dole a lissafa da shi.

Abin da yake karya doka ƙarara shi ne a cire kuɗin a riƙe. Dokar ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki daga ranar biyan albashi ya tura kuɗin. Idan ya yi jinkiri, akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya riƙe ba, a kowane wata ko guntun wata, kuma tarar asusun ma'aikacin take shiga. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke bin wannan, kuma ma'aikaci yana da damar kai mata ƙorafi. Wanda takardar albashinsa ta nuna an cire, ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa ya gwada su biyun.

Wanda ya tarar an riga an tsara masa albashi haka, doka ta ba shi damar ƙara zubi na ganin dama ta hannun ofis. Sai dai wannan daga aljihunsa zai fito, kamfani ba ya ƙara ko kwabo a kai.