Hirar miji da mata a gida da al'adun iyali: tambayoyin da ma'aurata Kirista ke yi

Duk lokacin da aka taɓo maganar aure a Zumuntar Mata ko a taron ma'aurata na ikilisiya, tambayoyin kusan iri ɗaya ne ke fitowa, wasu a fili wasu kuma sai an tashi a ja ka gefe. Ga wasu daga ciki da amsar da nake bayarwa.

Mun daɗe da aure, ga yara sun girma, wace hira kuma ta rage? Ba aikin samari da 'yan mata ba ne wannan?

'Yar'uwa ki tuna lokacin da yake zuwa zance gidanku, ku tsaya a ƙofar gida har sai Baba ya yi gyaran murya kafin ya kama hanya. Me kuke faɗa a lokacin? Yau kuma in kun zauna maganar ba ta wuce kuɗin makaranta, kuɗin haya, gas ya ƙare, wane ba shi da lafiya a ƙauye. Duk waɗannan dole ne a yi su, amma ba su ne suka haɗa ku ba. Kuma wanda yake ganin abin baƙon abu ne da aka kwaso daga finafinai ya buɗe Maimaitawar Shari'a 24:5, a can an ce sabon ango kada a tura shi yaƙi, kada a ɗora masa wani aiki, ya zauna gida shekara guda cur ya faranta wa matarsa rai. A Farawa 26:8 Abimelek ya leƙa ta taga ya hangi Ishaku yana wasa da Rifkatu, daga nan ya gane ai matarsa ce ba 'yar'uwarsa ba. Karin Magana 5:18 kuwa cewa ta yi ka yi murna da matar ƙuruciyarka, ba ta sa ranar da za ka daina ba.

Satinmu gaba ɗaya coci ta cinye, ina za mu samu lokaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don mutanen kirki ne ke yin ta. Ko a ECWA kake ko COCIN ko EYN ko Baftis labarin bai cika bambanta ba: yau Zumuntar Mata, gobe addu'ar tsakiyar mako, jibi koyon waƙa, gata nazarin Littafi Mai Tsarki, Asabar biki ko jana'iza ko sharar coci, Lahadi a tashi sujada a shiga taron kwamiti har la'asar, a dawo gida kowa ya faɗi kamar an yi masa duka. Miji dattijon ikilisiya, mata shugabar mata, kowa na yabonsu a waje, amma an yi wata guda ba su ci abinci a kwano ɗaya ba.

Ni dai ra'ayina, ku zaɓi dare ɗaya a mako ku sa shi cikin jerin ayyukan Ubangiji, ba wai sai in lokaci ya rage ba, don ba zai taɓa ragewa ba. Bulus da kansa da yake lissafa wa Timoti halin mai kula da ikilisiya (1 Timoti 3:4-5) ya tambaya, mutumin da bai iya riƙe gidansa ba yaya zai kula da ikilisiyar Allah? In aka kira ka wani taro a wannan dare ka ce kana da alkawari, kuma ba ƙarya ka yi ba. Fasto mai hankali ba zai ji haushi ba, watakila ma shi da Mama sun fi ku bukatar abin. In kowane mako ya gagara a yi sau biyu a wata, amma ranar ta zama sananniya, misali Juma'ar farko da ta uku, kada a bar ta a hannun "za mu gani".

Ɗaki biyu muke, ga yara, ga ƙanen miji, ga suruka ta zo jinya. A ina za a zauna?

Gaskiya ne, kuma ga kunya, ba za ka iya ce wa mahaifiyarka "Mama ki shiga ciki za mu yi hira" ba. Abin da ke aiki shi ne lokaci, ba wuri ba. A ba yara abinci da wuri, a yi addu'a, ƙarfe takwas ko takwas da rabi su kwanta, ku kuma ku shimfiɗa tabarma a baranda ko bayan ɗaki ko ma a kicin. Wasu asuba ta fi musu, kafin gida ya tashi, shayi kofi biyu da burodi. In akwai wata 'yar'uwa a Zumunta da kuka yarda da ita ku yi karɓa-karɓa, wannan Asabar yaranki su wuni a gidanta, mai zuwa nata su wuni a naki. Manya kuwa sun fi mu gane abubuwa, in suruka ta ga kun saba zama a wani lokaci da kanta za ta fara cewa barci take ji.

Ba mu da kuɗin irin waɗannan abubuwa fa.

Wa ya ce sai da kuɗi? Tsire ko balangu a takarda da yaji da albasa, kunun aya ko zoɓo mai sanyi, ya wadatar. In damina ce masara gasasshiya da gyaɗa. Ku fito da ludo ko kati, ko albam ɗin bikinku ku yi dariyar kwat ɗin da ango ya sa. Maigida ya shiga kicin ya soya ƙwai da indomi ko da zai ƙone. In NEPA ta ɗauke wuta ba sai an tada janareta ba, fitila mai caji ta isa. Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kai, wato waya. A kashe data a ajiye ta a ɗaki, don in tana hannu to ku uku ne a tabarmar har da guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku.

In mun zauna sai faɗa ya tashi. Me ke kawo haka?

Don an tara abubuwa ne ba a samu wurin sauke su ba, da aka samu zama sai aka mayar da shi kotu. Ku raba biyu. Maganar kuɗi da ƙorafi a ba ta ranarta daban, da biro da takarda, daren hira kuma a hana su shiga. Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi, wato abin da ya faru ranar Litinin a kashe shi ranar Litinin, kada a adana shi sai Juma'a da dare. Ku tambayi juna abin da kuka daina tambaya: me ke ba ka tsoro kwanan nan, me kike so ki koya da ba ki samu dama ba, wace addu'a zan riƙa yi maka. Amma in akwai duka ko barazana a gidan, tsire da ludo ba za su gyara ba, a nemi fasto da manyan iyali, in ta kama a kai ga hukuma.

Sujadar iyali muna farawa muna bari, yara sai gyangyaɗi.

Ta yi tsawo ne. Baba ya mayar da ita wa'azin Lahadi, ya karanta sura biyu ya yi bayani minti arba'in. Minti goma zuwa sha biyar ya isa: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, 'yan ayoyi, addu'a gajera, kuma a riƙa juyawa, yau wannan yaro ya zaɓi waƙa gobe wancan ya karanta ko da yana tuntuɓe. Katolika suna da addu'ar rosari mai kashi biyar, ana iya yin kashi ɗaya da yara ƙanana maimakon duka biyar. Ina kuma ba da shawara a karanta da Hausa ko da harshen gida wani lokaci. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi kakanni da yawa suka koyi karatu, abin takaici ne jika ya zauna kusa da kakarsa a sujada ya kasa buɗe Zabura 23 ya karanta mata.

Wace irin al'ada za mu kafa wa yaranmu ban da kayan Kirsimeti da shinkafa?

Kaya da shinkafa da cincin ba laifi ba ne, amma al'ada ita ce abin da ake maimaitawa har yaro ya tambayi dalili. Haka aka tsara Idin Ƙetarewa a Fitowa 12:26, an san yara za su tambaya mece ce ma'anar wannan, haka ma duwatsu 12 da aka ɗebo daga Urdun a Joshuwa 4. To ku samo naku. Ranar 31 ga Disamba kafin a tafi coci kwanan addu'a kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kai, a rubuta a littafi guda, baɗi a karanta na bara. Ranar haihuwar yaro a ba shi labarin yadda aka haife shi da dalilin sunansa. Lokacin godiyar girbi yara su ɗauki doya ko kaza da hannunsu zuwa gaban bagade. Masu zuwa gida hutu, kamar mutanen Kagoro da ke haɗuwa bikin Afan ranar 1 ga Janairu, a kai yara gaida tsofaffi gida-gida, zumunta ai a ƙafa take. Akwai kuma tsohuwar al'adar nan ta aika abincin Kirsimeti wa maƙwabta Musulmi su ma su aiko da naman Sallah, rikice-rikice sun raba unguwanni a Kaduna da Jos har ta yi rauni, amma inda har yanzu ake zaune tare a riƙe ta, kuma yara su kai kwanon. Kada dai ku ɗauko goma lokaci ɗaya, biyu ko uku sun isa.

Maigidana ya ce shi bai saba ba, kuma yawanci yana wurin aiki a wani gari.

Kada ki sa wa abin suna, kada ki kira taro a kansa. Ranar da ya dawo ki sallami yara da wuri, ki ajiye nashi abincin ku ci tare, ki ce "Baban yara, zo ka taya ni ci". Da yawa maza ba ƙi suke yi ba, ba su taɓa ganin ubanninsu sun yi ba ne. In yana barikin soja ko Abuja ko Legas ku tsayar da dare ɗaya na kira mai tsawo bayan yara sun gaishe shi sun kwanta, ku karanta sura ɗaya kowa a inda yake ku yi magana a kanta, maganar turo kuɗi kuma a yi ta da rana ta saƙo.