"Ya yi ritaya" ko "an yi masa ritaya"? Abin da kalmar ke rufewa a ƙwallon jami'o'in Amurka

Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, kalmar ritaya sai ta cika labaran wasannin da ke fitowa daga Amurka, ba ta kuma lafawa sai Janairu ta yi nisa. Lokacin ne kakar ƙwallon jami'o'i ke ƙarewa, wato ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga da ake yi da hular kwano, kuma lokacin ne tsofaffin kociyoyi ke sauka daga kujera. Abin haushin shi ne yadda labarin ke isowa kunnen mai sauraron Hausa. Wannan mai gabatarwa ya ce wane ya yi ritaya, wancan ya ce ya yi murabus, na uku ya ce ya ajiye aiki, wani ma ya ce an raba gari da shi, duk a kan mutum guda a rana guda. A wannan sana'a kuwa, kowace daga cikin kalmomin nan tana da farashinta, kuma tazarar da ke tsakaninsu takan kai dala miliyan goma-goma.

Mu ritaya ta hanyar aikin gwamnati muka san ta. Ma'aikaci a Najeriya ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ya tattara takardunsa ya fara bin sawun fansho da garatuti. Kalanda ce ke yanke hukunci, ba shi ba, ba kuma shugabansa ba. To kocin jami'a ba shi da wannan kalanda. Babu shekarun da dokar wasan ta ce in ya kai sai ya sauka. Saboda haka duk ranar da aka ji ya bar aiki, wani mutum ne ya yanke shawarar, kuma aikin mai ba da labari shi ne ya faɗi wane ne. Hausa ma ta riga ta tanadar masa kayan aiki: tun zamanin mulkin soja muke bambanta "ya yi ritaya" da "an yi masa ritaya", har muna da "ritayar dole". Murabus ita ma ba ta taɓa tabbatar da cewa mutum da son ransa ya sauka ba. Har gobe ana cewa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus a 1963 ya koma Azare, alhali kowa ya san gwamnatin Jihar Arewa ce ta matsa masa.

Abin da ke raba kalmomin a Amurka takardar kwantiragi ce. Idan jami'a ta kori koci don kawai ba ya cin wasa, to kora ce ba tare da laifi ba, kuma dole ta biya shi kuɗin sallamar da aka rubuta, wanda galibi shi ne duka ko mafi yawan albashin shekarun da suka rage masa. Idan ta kore shi bisa laifi, kamar karya dokar hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ko wani abin kunya, tana iya ƙin ba shi ko sisi, shi ya sa irin wannan kora ke ƙarewa a hannun lauyoyi. Idan shi ne ya tsallake zuwa wata jami'a, kuɗin sai ya juya: shi ake bin bashi, sabuwar jami'ar tasa ce kuma yawanci ke biya. Ritaya ta gaskiya kuwa fita ce da ba a bin kowa kuɗin karya yarjejeniya. Akwai kuma wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa, na ragi: wasu kwantiragin sun ce in korarren koci ya sami wani aiki, za a cire sabon albashinsa daga abin da tsohuwar jami'a ke biyansa. Wakilin koci mai wayo kan yi yaƙi ya ga babu wannan layi a takardar.

Ke nan jami'ar da ta gaji da dattijon da ya yi mata shekara talatin tana da dalili biyu na son a kira abin ritaya. Ta tsira da kuɗinta, ta kuma tsira da mutuncinta a idon tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a labarin Bobby Bowden na Jami'ar Florida State. Ya karɓi ƙungiyar a 1976 tana cikin mawuyacin hali, ya riƙe ta kaka 34. Ya ci kofin ƙasa a 1993 da 1999, kuma daga 1987 zuwa 2000, shekara 14 a jere, ƙungiyarsa ba ta taɓa ƙare kaka a wajen biyar na farko a ƙasar ba. Daga nan abubuwa suka fara ja da baya, shekaru kuma suka taru. Hukumar jami'ar ba ta da ƙarfin zuciyar ce masa ya tafi, tana kuma tsoron kada wata jami'a ta ɗauke mata Jimbo Fisher, mataimakin da ta ɗauko daga Jami'ar Louisiana State (LSU) don ya tsara ɓangaren kai hari. Sai a Disambar 2007 ta ɗauki matakin da ake yayi a lokacin: ta naɗa Fisher koci mai jiran gado. Aka rubuta cewa in Janairun 2011 ta zo ba a miƙa masa ƙungiyar ba, jami'a za ta biya shi dala miliyan 2.5, kuɗin da daga baya aka ninka zuwa miliyan 5.

A duba wannan sharaɗi da kyau. Ba a ambaci ranar saukar Bowden ba, amma an sa wa zamansa tara. Daga ranar da aka sa hannu, kowace kakar da ya ƙara tana kusanta jami'ar da asarar wannan kuɗi, kuma duk wanda ke cikin ginin ya san da haka. Mataimakan da suka yi shekaru da dattijon sun san mai jiran gadon zai zo da mutanensa. Yaron makarantar sakandare da ake zawarci ya zo ya buga wa jami'ar kan tambayi wa zai horar da shi nan da shekara biyu, amsar kuma ba Bowden ba ce. Ba banza ba masarautunmu suka fi barin maganar magaji a hannun masu zaɓen sarki sai bayan gadon ya zama babu kowa: fada ɗaya ba ta ɗaukar mai mulki da wanda aka riga aka yi wa alkawari.

Kakar 2009 ta zo da rashin nasara tun farko. A watan Oktoba shugaban kwamitin amintattun jami'ar, Jim Smith, ya fito fili ya ce ya kamata wannan ta zama kakar Bowden ta ƙarshe. Ƙungiyar ta gama da ci 6 da rashin 6. Bowden, mai shekara 80 a lokacin, ya so a bar shi ya ƙara kaka ɗaya. Abin da aka ajiye masa a gaba shi ne ko ya zauna da sunan koci amma iko na hannun Fisher, ko ya sauka. Wanda ke shugabantar jami'ar kuwa, T.K. Wetherell, tsohon ɗan wasa ne da Bowden ya horar a shekarun 1960 yana mataimakin koci. Ranar 1 ga Disamba 2009 sanarwa ta fita cewa Bowden zai yi ritaya. Aka shirya masa bankwana na girma a wasan rufe kaka na Gator Bowl ranar 1 ga Janairu 2010, da West Virginia, jami'ar da ya horar kafin ya zo Florida State, ya kuma ci 33 da 21. Daga baya shi da bakinsa ya sha faɗa cewa tura shi waje aka yi.

Duk wanda ya fassara wannan da "ya yi ritaya" bai yi ƙarya a kan takarda ba, amma ya taya hukumar jami'ar wanke hannunta. An yi masa ritaya. Ko jami'ar ta yi daidai wata magana ce daban, don Fisher ya ci kofin ƙasa na kakar 2013, ya doke Auburn 34 da 31. Sai dai shi Fisher ɗin ne ya zama ma'aunin da ke nuna tsadar ɗaya kalmar, wato kora. Ya koma Jami'ar Texas A&M a Disambar 2017 kan dala miliyan 75 na shekara 10, aka ƙara masa wa'adi da albashi a 2021, sannan aka kore shi a Nuwambar 2023 ba tare da laifi ba. Kuɗin sallamarsa ya haura dala miliyan 75: kusan miliyan 19 cikin kwana 60 na farko, sannan sama da miliyan 7 duk shekara har 2031, babu kuma sharaɗin ragi ko da ya sami wani aiki. Babu wanda ya yi gigin roƙon Fisher ya kira tafiyarsa ritaya, kuma da an roƙa da wauta ce ya yarda.

Tsarin mai jiran gado, a ganin mai wannan rubutu, hanya ce ta shugabannin da ke tsoron faɗin gaskiya ido da ido. Inda ya yi aiki, dattijon ne da kansa ya sa rana kuma ranar ba ta da nisa, kamar yadda Barry Alvarez ya sanar a 2005 cewa Bret Bielema zai gaje shi a Wisconsin a ƙarshen wannan kakar. Inda aka bar ranar a buɗe, sai ya watse. Texas ta naɗa Will Muschamp magajin Mack Brown a 2008. Ya gaji da jira ya tafi Florida a Disambar 2010, Brown kuma ya ci gaba da zama har 2013. A West Virginia zaman Bill Stewart da magajinsa Dana Holgorsen ya yi tsami har Stewart ya sauka a Yunin 2011 kafin a buga ko wasa ɗaya na kakar da aka tsara su yi tare.

Wani lokacin kalmomin biyu kan faɗo a rana guda. Ranar 9 ga Nuwamba 2011, ana tsakiyar badaƙalar lalata da yara da ta shafi tsohon mataimakinsa Jerry Sandusky, Joe Paterno na Penn State ya sanar da cewa zai yi ritaya a ƙarshen kaka, wadda ita ce ta 46 a gare shi. Kafin gari ya waye kwamitin amintattu ya kore shi ta wayar tarho.

Ɓangare na biyu na ruɗanin shi ne ɗaukar cewa mai ritaya ya tafi ke nan. Bill Snyder ya bar Kansas State bayan kakar 2005, aka sa wa filin wasan sunansa, magajinsa Ron Prince ya yi kaka uku bai gamsar ba, sai ga Snyder ya dawo a 2009 ya ƙara shekara 10. Urban Meyer ya sauka a Florida a Disambar 2009 saboda lafiyarsa, ya janye washegari, ya sake sauka bayan shekara ɗaya, ya ɓulla a Ohio State a ƙarshen 2011, ya yi ritaya a can bayan kakar 2018, sannan ya karɓi ƙungiyar ƙwararru ta Jacksonville Jaguars a 2021, inda aka kore shi bayan wasa 13. Irin wannan hutu ne, ko sauya sheƙa mai jinkiri.

Ritayar da ta cika sunanta ita ce ta Nick Saban. Ranar 10 ga Janairu 2024, yana da shekara 72, ya tara 'yan wasan Alabama ya shaida musu ya gama, bayan kaka 17 da kofin ƙasa 6 a can, ban da wanda ya ci wa LSU a 2003. Ba wanda ya tura shi. Kwana tara kafin nan yana cikin ƙungiyoyi huɗun da ke neman kofi. Amma ko wannan ba ta zo wa jami'ar a kyauta ba. A dokar wancan lokacin, da zarar babban koci ya bar aiki, ko ta wace hanya, 'yan wasansa na samun kwana 30 su nemi komawa wata jami'a. Dokar ba ruwanta da ko ritaya ce ko kora. Shi ya sa daraktan wasanni Greg Byrne bai tsaya dogon bincike ba: cikin kwana biyu ya ɗauko Kalen DeBoer daga Jami'ar Washington, wanda bai fi kwana huɗu da buga wasan ƙarshe na neman kofin ƙasa ba. Sai da aka biya Washington dala miliyan 12 na karya kwantiragi, kuma duk da saurin, 'yan wasan Alabama Caleb Downs da Julian Sayin sun tafi Ohio State, Isaiah Bond ya tafi Texas.

Girgizar ba ta tsaya nan ba. Washington ta ɗauke Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauke Brent Brennan daga San Jose State, San Jose State kuma ta ɗauki Ken Niumatalolo, kuma a kowace daga cikinsu aka buɗe wa 'yan wasa nasu kwana 30 ɗin.

Lokacin da dattijo ya zaɓa ya sauka shi ma zaɓen magaji ne a fakaice. Bob Stoops ya bar Oklahoma a Yunin 2017 bayan kaka 18, saura wata uku a fara wasa, lokacin da babu wani babban koci da zai bar ƙungiyarsa ya taho. Kujerar ta faɗa hannun mataimakinsa Lincoln Riley mai shekara 33 a ranar, ba tare da an taɓa kiran sa mai jiran gado ba, ba kuma tare da an rubuta wata tara ba. Da Riley ya tsallake zuwa Jami'ar Southern California (USC) a ƙarshen 2021, Stoops ɗin aka kira ya riƙe ƙungiyar na wasa ɗaya, ya doke Oregon a Alamo Bowl, ya miƙa wa Brent Venables.